Ranar da Ummi Ta Hana Kakarta Shiga

Maman Ummi tana goya jaririnta tana magana da sauri. Zazzaɓi ya rufe yaron tun safe, babansu kuma yana wurin aiki.

"Ummi, zan kai ƙaninki asibitin bakin titi in dawo. Ki saka sakata. Kowa ya buga kar ki buɗe, kin ji?"

"Ko waye, Momi?"

"Ko waye."

Unguwar tasu shiru ce da ita, dogayen katangu, bishiyoyi a jere, kowa da get ɗinsa a kulle. Baban Ummi ne ya kawo su nan tun yarinyar tana ƙarama, saboda ciwon ƙirjin da hayaƙin masu walda da janaretocin tsohuwar unguwa suka sa mata. Tun da suka tare ba ta sake kwanan asibiti ba. Amma mahaifiyarsa, Hajiya, ba ta karɓi wannan dalili ba. A ganinta matar ce ta janye mata ɗa daga cikin dangi, har ta ce ƙafarta ba za ta taka gidan ba. Shi kuma, don gudun fitina, sai ya riƙa zuwa gaisuwa shi kaɗai. Duk sanda matarsa ta ce ya tafi da su sai ya ce, "Bari ta huce tukuna." A haka aka ci shekaru.

Rana ta take sanda Maman Ummi ta dawo. Tun daga nesa ta hango wata tsohuwa zaune a bakin kwalbatin ƙofarsu, da ƙullin kaya a gefenta, mai gadin layi yana tsaye a kanta.

"Baba, na gaya miki ba a bara a layin nan. Tunda mai motar can ya miƙa miki sadaka, ki tashi ki yi gaba."

Tsohuwar ta ɗago kai. Ledar magani ta suɓuce daga hannun Maman Ummi.

"Hajiya? Innalillahi... Hajiya, ke ce?"

Ta zube a kan gwiwoyinta a nan bakin titi. Mai gadi ya saki baki, ya fara ja da baya.

"Ni ce," in ji Hajiya a hankali. "Na ce bari in karya rantsuwata in zo in ga takwarata. Na buga, ta leƙo ta ƙasan get, na ce mata ni ce kakarki. Ta ce ba ta san ni ba. Na buga gidan dama, na buga na hagu, ko ruwan sha a ba ni, ba wanda ya amsa sallamata."

"Don Allah ki yafe mana, ki shigo ki huta..."

"Na huta a nan."

Hajiya ta ajiye takardar kuɗin da aka miƙa mata a kan kwalbati, ta bar ƙullin tsarabar jikoki, ta taka har bakin titi ta tsayar da tasi. Ko waiwaye ba ta yi ba.

Da Baban Ummi ya ji labari, zama ya yi a hannun kujera, ya kasa cire takalminsa. "Sadaka? Uwata aka ba sadaka a ƙofar gidana?"

Washegari aka kira su gida. Falon Hajiya ya cika da 'yan'uwa, babbar yayarsa ce ta karɓe magana.

"Yarinya ba ta faɗin abin da ba a koya mata ba. Ka kai 'ya'yanka inda ba a gaisuwa, matarka ta mai da su baƙi a cikin danginsu. Zaɓi ya rage naka, ko ka dawo cikinmu, ko ka sallame ta."

Maman Ummi ta sunkuyar da kai, hawaye suna ɗiga a kan hijabinta.

"Yaya, ki yi haƙuri," in ji Baban Ummi. "Ba ta da laifi. Sau nawa tana roƙona in kawo su, ni nake hanawa. In hukunci za a yi, ni za a yi wa. Amma matata ba inda za ta."

Ba a taɓa jin ya mayar wa yayarsa magana ba. Hajiya ta tashi ta shige ɗaki.

A mota ya dubi matarsa. "Sori, kin sha zagi saboda ni."

"Zagi ba ya kisa. Ni dai daga yau kowace Asabar a nan za mu wuni, ko za a kore mu."

Haka kuwa aka yi. Ta gaida Hajiya, a amsa mata da ka. Ta yi shara, ta yi wanke-wanke, dangin miji suna yada mata habaici tana yi kamar ba ta ji ba. Ummi ce ta fara sabawa. Ta gano tana da 'yan'uwa sa'anninta cike da gida, har ta daina son komawa. Da aka yi hutun makaranta ta nace sai ta zauna wurin kakarta, Hajiya kuma ta ce a bar mata takwararta.

Ba a yi mako ba, wata ranar da hantsi, masu walda suka ta da injinsu a bayan taga, hayaƙi ya cika tsakar gida. Ummi tana cikin wasa ta dafe ƙirji ta durƙushe. Numfashinta ya koma kamar usur, leɓɓanta suka canja launi. Hajiya, wadda ba ta taɓa ganin ciwon da idonta ba, ta rungume ta tana salati, sannan ta kira surukarta.

A asibiti, bayan an cire wa yarinyar robar numfashi ta samu barci, Hajiya ta daɗe tana kallonta.

"Dama haka take yi?"

"Haka take yi, Hajiya. Kusan kowane wata, kafin mu tashi."

"Ni kuwa na zaci ƙarya kuka shirya mini." Ta share ido da bakin mayafi. "'Yata, ki yafe mini. Ku mai da ita gidanku."

Ranar da aka sallame su, da Hajiya aka tafi. Ta ce kwana biyu za ta yi, sai ga shi ta share wata. Hawan jininta ya sauka, barcin da ya ƙaurace mata ya dawo. Amma zaman kulle bai karɓe ta ba. Ta ja surukarta gida-gida suna sallama, har suka gano wata mai jego a layin da ba wanda ya leƙa, suka zame mata dangi.

Ran da za ta koma ta zaunar da ɗanta da matarsa.

"Unguwar nan ta ba jikata lafiya, ba zan ƙara zaginta ba. Amma ba za ta ba ta 'yan'uwa ba, wannan aikinku ne. Kai kuma, ɓoye matarka da ka yi ba sulhu ba ne, tsoro ne. Ka gode wa Allah da ya ba ka mai haƙuri, da wata ce da tuni gidan nan ya watse."

Baban Ummi ya saci kallon matarsa. Ta kawar da kai tana murmushi, ta tashi ta ɗauko wa Hajiya jakarta.