Jan Fenti a Jikin Mangwaro

Ranar da ƙungiyar matasa ta fara aiki da hukumar gandun daji a bakin kogi, Auta ba ta ji rabin bayanin da aka yi ba. Malamin daji, wani dogon saurayi mai sanyin murya, yana ta nuna gwangwanayen fenti, ita kuwa bakinsa kawai take kallo. Shi ma sau biyu yana manta inda ya tsaya.

Aikin shi ne a cire matattun bishiyoyi a dasa sababbi. Farin fenti na nufin a bari, ja na nufin a sare. Auta ta ɗauka ja kamar na fitilar titi ne, wato kada a taɓa. Ta je ta zabga shi a jikin mangwaron da marigayiya mahaifiyarta ta shuka a gefen lambunsu, ta koma gida da murna. Washegari masu injin yanka suka kwantar da shi.

Da Baba, mahaifin Auta, ya zo ofis a fusace, malamin daji ya miƙe ya ce, "Ni ke kula da aikin, Baba. Laifina ne."

Daga nan soyayya ta yi ƙarfi, hanya kuma ta toshe. Iyayensa suka zo neman aure, Baba ya ce ko mazan duniya sun ƙare, ban da wanda ya sare bishiyar matarsa.

"Autata, kin ci abinci?" malamin dajin ya rubuto mata a waya.

"Ba ya wucewa, Dogo. Kullum sai na buɗe baki zan faɗa masa, sai in ga idonsa."

"Kada ki faɗa. Gara ya tsane ni da ya tsane ki."

"To mu fa?"

Wata uku suna ban ruwan dashe tare, ba mai iya kallon ɗan'uwansa. Auta ta rame, tsoro da kunya suka cinye ta.

Ranar da Baba ya ce zai aurar da ita ga ɗan amininsa, mai shagon magani, ta durƙusa a gabansa tana kuka.

"Baba, ni ce na shafa fentin. Na zaci kare ta nake yi."

Baba ya ɗago kai ya dube ta.

"Wata uku ina zagin yaron nan a gaban mutane, bai taɓa cewa ke ce ba?"

Ta girgiza kai.

"Kira shi."

Ranar ɗaurin aure Baba ya riƙe hannun ango.

"Abu biyu uwarta ta bar mini. Ɗaya ya tafi, ba ya dawowa. Ga ɗayan na ba ka da hannuna. Allah ya yi muku albarka."