Yaron da Bai Tsaya a Mararraba Ba

A ƙasar jajayen duwatsu, inda kwazazzabai suka tsattsaga ƙasa kamar faso a dunduniya, akwai wani yaro ɗan makaranta.

Yayansa ya rasu da sanyin bara. A gidansu ba a kiran sunan wanda ya tafi. An kwashe kayansa an kai nesa, har da kekensa. Ƙusar da ake rataye keken ce kawai ta rage a bango. Kullum yaron sai ya kalle ta kafin ya fita.

Wata Asabar, Malam Etsitty, mai kula da ƙungiyar keke, ya kwashi yaran ƙungiyar, har da yaron, a motar a-kori-kura. Ya sauke su a bakin babban kwazazzabo. Kowa ya ɗaure hular kwano, ya cika gorarsa.

"Ku faɗa mini doka," in ji Malam.

"In ka iso mararraba, ka tsaya!" yara suka ce da ƙarfi. "Sai na bayanka ya ga inda ka bi!"

"To. Ni ne a ƙarshe. Ku tafi."

Hanyar ba ta da sauƙi. Nan yashi ya riƙe taya, can tsakuwa ta zame. A gefe ɗaya bangon dutse, a ɗaya gefen rami mai zurfi. Delbert, babba a cikinsu, yana gaban yaron. Shandiin, 'yar ƙaramarsu, tana bayansa, tana haki.

A bakin mararraba Delbert ya tsaya. Ya turo leɓe ya nuna hanyar dama, inda falalen dutse ya gangara kamar zai faɗa cikin ƙasa. Yara suna kiran wurin Bayan Ƙadangare.

"Kai, ɗan tsako," in ji Delbert. "Wancan naku ba ya taɓa birki a nan. Kai kuwa na san turawa za ka yi da ƙafa, kamar kaka."

Ya yi dariya, ya gangara.

Maganar ta soki yaron. Rabon da wani ya ambaci yayansa, ko da a kaikaice, an daɗe. Ya waiwaya. Ba Shandiin, ba alamarta.

"Ai za ta gane hanya," ya ce a ransa.

Ya saki birki. Iska ta cika masa kunne, hawaye suka gudu zuwa ƙeyarsa. Ya sauka lafiya. Amma da ya isa ƙasa, bai ji daɗin komai ba. Zuciyarsa tana nan da nauyinta.

Yara suka taru a inuwar wata bishiya. Can sai ga Malam, hannunsa duk baƙin mai, don ya tsaya gyara wa wani sarƙa. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Ina Shandiin?"

Yara suka dubi juna.

"Wa ke gabanta?"

"Ni ne, Malam."

"Ka jira ta?"

Yaron ya sunkuyar da kai. "A'a."

Malam bai yi faɗa ba. Ya ɗaga ido ya dubi duwatsun nesa. Baƙin hadari ya zauna a kansu. A nan rana ake yi tas. Amma ko yaro ya sani, ruwan da ya sauka a can, ta cikin kwazazzabo yake biyowa, kuma ba ya sallama. Hanyar hagu kuwa cikin kwazazzabon ta shiga.

"Delbert, kar kowa ya motsa daga nan. Kai kuma, biyo ni," ya ce wa yaron.

Suka tura kekunansu sama zuwa mararraba, suka bi hagu. Ga sawun ƙaramar taya a yashi. Da suka hau dutse, sawun ya ɓace.

"Shandiin!" yaron ya ƙwala kira.

Duwatsu suka maido masa da muryarsa. Ya tuna yadda gida yake in ka kira mutum ba ya nan.

"Malam, in wani abu ya same ta fa?"

"Ci gaba da kira."

Ya kira har muryarsa ta dushe. Sai suka ji wata 'yar murya daga ƙasa. Tana zaune a tsakiyar busasshen rafi. Gwiwarta na jini, gorarta ba ko ɗigo.

"Na zo mararraba ban ga kowa ba," ta ce tana kuka.

Kafin yaron ya ba ta amsa, suka ji gurnani daga nesa, kamar babbar mota na tahowa.

"Ku bar keken! Sama!" in ji Malam.

Malam ya saɓa Shandiin a kafaɗa. Yaron ya riga su hawa, ya miƙo hannu ya jawo ta. Suna isa kan tudu, sai ga ruwa jajir, ɗauke da itatuwa da duwatsu. Dama Malam da yaron sun bar kekunansu a sama kafin su sauka. Na Shandiin yana cikin rafi. Suna kallo ya juya sau ɗaya, ya tafi.

Da yamma Malam ya raka shi gida, ya faɗa wa mahaifiyarsa komai. Ta zuba wa yaron miyar naman tunkiya. Ya kasa ci.

"Shimá," ya ce, wato Mama, "so na yi in zama kamar shi."

Ta gane yayansa yake nufi.

"Ɗana, gudu ne kawai ka gani? Lokacin da kake ƙarami, kukan dawo gida bayan kowa. Na tambaye shi dalili. Ya ce, 'Ƙanena nake jira. Kowace kwana sai na tsaya na ga hularsa.' Kai ba ka sani ba. Ka ɗauka kai ne kake kamo shi."

Yaron ya kifa kai a cinyarta. Ya yi kukan da bai yi ba tun ranar rasuwar. Ita ma ta yi nata. Bayan nan suka ci abinci tare.

Washegari ya je gidan su Shandiin ya ba da haƙuri. Malam ya yanke hukunci: keken ƙungiya da yaron ke hawa ya koma hannunta. Shi kuma ya yi makonni yana wanke sarƙoƙi da liƙe tayoyi, sauran suna fita suna barinsa. Delbert ma ya sha faɗa, ya zo yana taya shi.

Da aka samo wani keke, yaron ya koma hanya. A mararraba ya sa ƙafa a ƙasa, ya tsaya. Can sai ga Shandiin, tana haki.

"Kai, ɗan tsako!" ta ce. "Matsa mini, ka tare hanya!"

Ta wuce shi fuu. Ya bi ta a baya, suna ta ihu har ƙasa.

Yara, gwaninta ba ita ce ka riga kowa isa ba. In an ba ka amanar na bayanka, ka tsaya ka jira shi.