Kazar da Aka Ɗaure Tare da Mufida

Marigayiya Delu, yayar mijina, ita ta fara faɗa mini: in mai ɗori ya karya ƙafar kaza ya ɗaure tare da ta mutum, kada a je duba kazar bayan la'asar. Na ji, na ajiye.

Jikata Mufida ta faɗo daga mashin a hanyar Jega, ƙaurinta ya karye. Ubanta Attahiru yana kudu da albasa. Ta waya ya ce, "Inna, asibiti. A ɗauki hoto."

Na ce, "Asibitinku mai yanke ƙafa? Mu ɗori muka gada."

Na kai ta wajen wani tsoho mai ɗori a bayan garin Sabiyal. Ya ɗaure ƙafar da kara da ƙyallen da na yago daga zanena. Ya karya ta farar kaza, ita ma ya ɗaure. Ya ce ran da kazar ta taka, yarinya za ta taka. Muka baro kazar a wajensa, muka dawo gida.

Yatsun ƙafar Mufida suka kumbura, suka yi baƙi, suna wari. Ta daina kuka, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Gidan daga ni sai ita, ba wanda zan tambaya. Na yafa mayafi na tafi ganin kaza.

Rana ta yi ja. Gonakin albasa ba kowa. Ko tsuntsu ba ya motsi, sai ƙarar takalmina.

Sai wari. Irin wanda na baro a ɗaki.

A gindin tsamiya wata mata ta ba ni baya, tana figar kaza. Farin gashi ya zube kewaye da ita.

Na yi sallama. Ta ci gaba da figa.

"Wagga ta gama," in ji ta, ƙasa-ƙasa. "Saura gudar."

Ta miƙo ƙafarta. A ɗaure take da kara, da ƙyallen zanena.

Na juya. Na kama hanyar gida da sauri. A bayana kara yana bugun ƙasa, ƙwas, ƙwas, yana matsowa.

Sai da ladan ya ɗaga murya ƙarar ta ɗauke.

Yau Mufida tana takawa, da ɗan ɗingishi. Washegarin ranar, gari na wayewa na sa aka ɗauke ta a mota zuwa Jega. Na ce wa likita, "Yaro, kwance, ɗauki hotonka. Layar da na rataya mata a wuya dai, kar ka taɓa."