Mai Faɗa wa Baba Launin Riga

Ranar da Isaka ya fara jin muryar Balkisa, a kan rufin gidan su Balkisa yake, a unguwar Lamorde, yana murɗa parabol, farantin kamo tashoshin tele, wanda iskar damina ta karkatar.

"Kaɗan dama. A'a, ya ɓace, koma! Yauwa, tsaya nan, Allah shi yi maka albarka."

Da ya sauko ya leƙa falo don ya tabbatar hoto ya zauna, sai ya tsaya yana kallo. Wani dattijo ne zaune a kujera ya fuskanci tele, idanunsa sun yi fari fat. A gefensa budurwa ce kan tabarma, tana magana a hankali. A cikin tele kuwa Turawan Ingila ne na zamanin da, masu keken doki da dogayen huluna, an juya maganarsu zuwa Faransanci.

"Baba, ta shigo. Rigarta koriya ce har ƙasa. Shi kuma ya cire hula ya riƙe, ya kasa kallonta."

"To, sonta yake," in ji dattijon. "Da uwarki na nan, da tun makon jiya ta faɗa."

Malam Abdulrazak ke nan, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, mutumin Tawa. Matarsa Zuwera ce ta koya masa kallon waɗannan fina-finai, kowace Asabar da Lahadi bayan La'asar. Ta rasu, ciwon suga kuma ya bi bayanta ya cinye masa gani. Kunnensa garau yake, sai dai Turawan nan rabin zancensu ba a baki yake ba. A kallo yake, da rawar hannu, da yadda ake ajiye kofin shayi. Shi ya sa autarsa Balkisa ta zama idonsa.

Isaka Bazabarme ne, ɗan masuncin Gudel, a Babbar Kasuwa ya koyi Hausa, inda yake sayar da dekoda. Daga ranar nan parabol ɗin gidan Malam ya zama mai yawan laulayi. Duk Asabar sai Isaka ya zo dubiya, alhali lafiyarsa ƙalau.

Ba a daɗe ba saƙonnin waya suka fara kai da komo tsakaninsa da Balkisa.

"Idon Baba, barka da rana. Wace riga matar nan ta sa yau?"

"Musye Isaka, mai son sani ya zo ya gani. Baba ya ce a ajiye maka wuri."

Wata rana ta raka shi bakin ƙofa, ya faɗa mata abin da ke ransa.

"Ni ma ina sonka, ban ɓoye ba. Amma duk wanda ya ɗauke ni daga gidan nan ya kashe wa Baba tele. Abin da ya rage masa na Inna ke nan."

"Ki bar ni da Baba," in ji shi. "Na san abin da yake so."

Ya ɗauka ya sani. A Lahadin da ta wuce an nuna wani saurayi ya shiga ɗakin karatun uban yarinya shi kaɗai, ya tsaya ƙyam, ya nemi aurenta da bakinsa. Malam har buga sanda ya yi a ƙasa ya ce, "Ka ji namiji!" Isaka ya riƙe maganar nan kamar karatu.

Ranar Asabar ya zo cikin shadda sabuwa, ba kowa bayansa. Ya cire hula, ya tsaya tsaye gaban Malam, hannunsa na ɓari har 'yan makullan motonsa na ƙara.

"Baba, na zo neman auren Balkisa."

Malam ya lalubo telekomand ya kashe tele.

"Kai ɗan wa ne? Daga rami ka hito? Ba ka da manya?"

"Baba, na ga ranar nan kun yaba..."

"Ina kallon Turawa, ban ce maka na koma Bature ba. A wurinmu yaro bai buɗa baki shi roƙi ɗiya, balle a tsaye. Manya ake turowa, da goro. Tahi, parabol ɗinmu ya warke."

A makon nan ne kuma dangin Mansur, ɗan wani attajirin atamfa daga Maraɗi, suka turo dattawa da ƙwaryar goro, komai a kan ƙa'ida. Malam ya karɓe su da mutunci ya ce zai yi shawara. Balkisa ta shiga ɗaki ta rubuta wa Isaka, ranta a ɓace.

"Wasu sun zo da manyansu. Kai ka zo kai kaɗai kamar mai cinikin akuya. Haka darajata take?"

"Wallahi ban raina ki ba, Idon Baba. Ba ni da wanda zan turo. Tun rasuwar babana ban taka gidan ƙaninsa Yakuba ba. Ya ce in karɓi kwalekwale, na ƙi, muka yi baram-baram."

"Ashe kana da babba. Girman kai ne ba ka son ajiyewa. Ka je ka durƙusa, in dai da gaske kake."

Mako ya zagayo ba saƙo daga Isaka, kuma shirun ya fi faɗan ciwo.

Ran Lahadi ta zauna a tabarmarta kamar kullum. A tele matar nan ta tsaya a taga, keken doki yana fita da mutumin da ta kora. Kiɗa kawai ke tashi.

"Mi take yi?" Malam ya tambaya.

"Tana tsaye, Baba."

"Sai mi?"

"Tana... tana riƙe da labule."

Malam ya juyo da fararen idanunsa wajenta.

"Balki, ita ce ke kuka ko ke?"

Ta kifa kai a gwiwarsa, kukan da ta danne ya ƙwace. Ya ɗora hannu a kanta.

"Yaron nan ya yi wauta, gaskiya ne. Amma ba wautar ce ta tada mini hankali ba. Da ya buɗa baki, na ji kamar ɗakin nan ya wayi gari babu muryarki, sai na ji tsoro. Uwarki ba za ta yahe mini ba in na tsare ki don launin riga."

Isaka kuwa ashe ya je Gudel. A bakin kogi ya sami Baba Yakuba yana ɗinkin komar kamun kifi, ya durƙusa cikin laka da wandonsa. Tsohon ya yi kamar bai gan shi ba har ya gama ɗinkin, sannan ya ɗago, idonsa ya cika da hawaye, don yaron kamar an tsaga kara yake da marigayi.

Ranar Juma'a Baba Yakuba ya zo Lamorde da dattawa da goro, har da giwan ruwa ƙato a daro. Ya ba da haƙuri cikin Hausarsa mai ƙamshin Zabarmanci.

"Yaro ne, Malam. Mu muka bar shi ba uba, tele ta zama ubansa."

"Na ba shi," in ji Malam. "Ban sa sharaɗi ba. Allah shi sanya albarka."

Aka mayar wa dangin Mansur amsa cikin girmamawa. Bayan damina, wata Asabar da safe, aka ɗaura aure, da yamma aka kai amarya. Ita da fita kuma sai ta cika kwana bakwai, haka al'ada take.

Washegari bayan La'asar Malam ya zauna a kujerarsa shi kaɗai. Ya kunna tele, kiɗan farko ya tashi, ya ji takun dawaki, sai kuma shiru irin na Turawan nan. Ya kai yatsa zai kashe, ya ji sallama.

Ango ne, da lalle a hannu. Kunyar suruki ta hana shi shigowa sosai, sai ya ja tabarmar Balkisa bakin ƙofa ya durƙusa.

"Baba, ita ta aiko ni. Ni ma da ba ta aiko ni ba, ina hanya."

Malam ya janye yatsansa daga telekomand.

"Ta shigo, Baba. Rigarta shuɗiya ce. A'a, koriya. Tsakani dai."

"Shi hwa?"

"Ya dawo. Ya cire hula."

"Hannunsa na rawa?"

Isaka ya matsa ya duba da kyau. "Yana rawa, Baba."

"Kamar naka ranar nan. Har makullanka na ji." Malam ya share ido da bakin rawaninsa. "Matso kusa, ɗana, ba na jinka daga ƙofa. Allah shi ba ku zaman lahiya, shi ba ku ɗiyan da za su zame muku ido."

"Amin, Baba," in ji Isaka. Ya jawo tabarmar har gindin kujera.