Rut da Farin Takalmin Yaya

Rut 'yar aji huɗu ce a Haɗejiya. Tana cikin yaran da ke waƙa a cocinsu, ga ta da murya mai zaƙi.

Wata Lahadi aka shirya za su je waƙa wani ƙauye a bayan Auyo, inda ambaliya ta yi ɓarna. Ƙawarta Faith ta ce sabon takalmi mai ƙyalli za ta sa. Rut ta dubi nata na roba, sai ranta ya ɓaci.

"Mama, ni ma a saya mini mai ƙyalli mana."

"Naki ƙalau yake," in ji Mama. "Kuma hanyar duk laka ce."

Rut ba ta ji ba. Da safe ta ɗauki farin takalmin yayarta a ɓoye, ta sa a jaka. A cikin mota ta saka shi. Ya yi mata yawa, ta cusa takarda a ciki.

Daga bakin ruwa suka shiga kwalekwale. Da suka isa, Rut ta yi wuf ta diro. Caɓal! Ƙafarta ta nutse a laka. Ta ja ƙafar ta fito, amma babu takalmi.

Malam Munzali mai kwalekwale ya laluba ya zaro shi. Ya zama baƙi ƙirin, dunduniyar ta ɓalle.

Rut ta fashe da kuka.

Wata tsohuwa mai suna Kaka Yelwa ta zo tarbar su. Ta share mata hawaye da bakin zanenta.

"Jikata, taho. Mu ma duk ba takalmi muke."

Ruwa ya rushe cocin ƙauyen. A gindin tsamiya suka taru, kan tabarmi. Amma da aka buga ganga, sai tafi da rawa! Kaka Yelwa ta fi kowa juyi.

"Kaka, ke ba ki rasa komai ba ne?" Rut ta tambaye ta.

Tsohuwar ta yi dariya. "Ɗakina ya faɗi, shinkafata ta tafi. Na yi kuka, ba ƙarya. Amma ruwa bai tafi da Yesu ba. Yana nan tare da ni, ga 'yan'uwa, ga numfashi. Ba sai in yi rawa ba?"

Sai Rut ta cire ɗaya takalmin ta ajiye. Ta tsaya ƙafa a ƙasa, ta rera waƙa har mata suka yi guɗa.

Da ta koma gida, ta durƙusa gaban yayarta.

"Yaya, na ɗauki takalminki ban tambaya ba. Ga shi na lalata. Ki yafe mini."

Yaya ta ɓata rai, can ta ce, "Na yafe. Amma ke za ki wanke shi, ki kai wa mai gyara. Kuma wanke-wanken makon nan naki ne."

"Na yarda!"

Mama ta jawo ta jikinta. "To, me kika koyo yau?"

"Kaya suna lalacewa, Mama. Amma wanda yake da Allah, farin cikinsa ba ya ƙarewa. Zan riƙa gode masa da abin da ya ba ni."

"Amin, 'yata," in ji Mama. "Zo ki ci tuwo tun da zafinsa."