Jan Fenti a Wuyan Riga

Ranar da ta fara ganinsa, tana kan tsani tana zana giwa a bangon ajin yara. Direban motar makarantar ne, ya shigo kawo jakar da aka manta a mota. Bai duba ba ya jingina da bango.

"Malam! Bai bushe ba!"

Ya zabura, amma shuɗin fenti ya riga ya kwanta a bayan farar rigarsa. Ya dafe kai.

"Na shiga uku. Rigar yayana ce, kuma bai san na ɗauka ba."

Dariya ta kusa faɗo da ita daga tsanin.

"Fentin ruwa ne, zai fita in an hanzarta. Tunda akwai singileti a ciki, cire ka same ni a famfo."

Ta juya rigar, ta sakar mata ruwan sanyi ta baya, ta ɗiga sabulun wanke-wanke, tana dannawa da soso a hankali har shuɗin ya bi ruwa.

"Kada ka cuɗa da ƙarfi, zai ƙara shiga zare. Kuma ban da guga sai ka tabbatar ya fita."

"To in na manta, wa zan tambaya?"

"Lambata kake nema ke nan."

"Saboda rigar Yaya kawai."

Da yamma saƙo ya shigo: "Riga ta tsira, Yaya bai gane ba. Ni ne dai ban tsira ba, Shuɗiyata."

Ta amsa: "Allah ya shirye ka, Ɗan Aro." Sannan ta kifa wayar a ƙirji tana murmushi.

Kafin ta gama zanen makarantar, zance ya yi nisa. Sai dai da ya kai maganar gida, Ummansa ta ce atafau ba za ta yi surukar da ke hawa tsani ba, hannu kullum kala-kala. Bai ɓoye mata ba, ya dai ce ta ba shi lokaci.

Daga nan ya fara ɓacewa. In ta kira sai ya ce yana wani aiki. Malamar ajin, wadda ta daɗe tana kai masa ruwan sanyi mota, ta tare ta wata safiya.

"Ba gulma ba, amma ki dubi wuyan rigarsa. Jan-baki ne raɗau."

Ta leƙa ta taga. Ga ja kuwa, daidai wuya. Ta haɗa burusanta ta tafi gida.

Saƙonninsa suka yi ta shigowa: "Shuɗiyata, me na yi?"

"Shuɗiyata, ko zagina ne ki yi, in dai zan ji muryarki."

Ta karanta duka, ta ƙi amsawa, ta ƙi cin abinci.

Ranan tana wanke gwangwanaye a tsakar gida sai ga sallama. Wata dattijuwa ce riƙe da leda.

"Ke ce mai zanen? Ni ce uwar yaron nan. Ya ƙi ci ya ƙi sha, ga rigunansa duk ya lalata. Na wanke har hannuna ya saɓule. An ce ke kika san maganinsu."

Ta durƙusa ta gaishe ta, ta karɓi ledar. Rigar farko ita ce mai jan wuya. Ta kankara da farce, ta kai hanci.

Fenti ne.

"Umma, a ina ya samo wannan?"

"Ɗakin da ya kama yake shafawa da kansa, wai kada ki sani. Ya shafe bango, ya shafe ƙofa, ya shafe kansa."

Dariya da hawaye suka zo mata tare. Ta kawo cokali ta kankare busasshen, ta jiƙa rigunan a ruwan ɗumi da sabulu, ta bi su da tsohon burushin haƙori. Inda ya ƙi, ta ɗiga sanitaiza. Umma ta naɗe hannun riga ta kama ɗauraya, suna hira. Biyu suka fita fes, ɗaya ta ƙi sam.

"Wannan ta zama tsumma, Umma. Ki yi haƙuri."

"Da wata ce da ta ce min za ta fita." Umma ta dube ta. "Ki gaya wa Abbanki muna nan tafe."

Umma na fita, ita kuma ta jawo waya: "Ɗan Aro, na zarge ka a kan abin da ba ka yi ba. Ka yafe min. Kuma ka ajiye burushin nan kafin ka rusa gida."

Amsa ta iso nan take: "Na yafe. Yanzu dai zan iya cin abinci?"

Ranar ɗaurin aure, da jama'a suka watse, Umma ta kama hannunta ta ɗora a nasa.

"Ga shi nan, 'yata. Rigimamme ne, amma ba ya ƙarya. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Ango ya ce amin da ƙarfi har sai da maƙwabta suka ji. Amarya ta sunkuyar da kai, ta faɗi nata a hankali.