Bencin Ƙofar Gidanmu

"Yau ki sallame shi, Hamida. Ba ni ba da ɗiyata ga wanda sai an yi mai ihu."

Inna ko dubana ba ta yi ba. Na ɗauki littafina na fita.

Yakubu na zaune a kan bencin ƙofar gidanmu, ya taso daga shagon ɗinkinsa na kasuwar Gummi. Ɗan ƙauyen Dareta ne. Tun yana yaro gubar dalma ta tafi da rabin jinsa.

Ina son shi, amma wallahi na gaji. Kowace budurwa da raɗa take zance, ni kuwa "masoyina" ma sai unguwa ta ji. Basma 'yar kawuna, wadda Yakubu ya ƙi kulawa, ita ke kwaikwayon muryata a bakin rijiya, ita ta kitsa wa Inna wai kurame zan haifa.

Na zauna a ɗaya bakin bencin. Korar ma sai na ɗaga murya kowa ya ji.

Na kasa...

Sai na buɗe aikin makaranta. Sonet ce, waƙar Turanci mai layi goma sha huɗu, an ce mu auna karinta: gaɓar da ake dannawa a ɗora mata sanda, wadda ake sassautawa a aza mata ɗan ƙoƙo. Kunnena ba ya rarrabewa sai na ƙwanƙwasa katako da biro.

A hankali, da ƙarfi. A hankali, da ƙarfi.

Kwanakin nan haka nake yi in ya zo, shi kuma ya kifa tafinsa a kan bencin yana murmushi.

Yau bai yi murmushi ba.

"Hamidata, mi as same ki?"

Na girgiza kai.

"Kullum hannunki tahiya shikai, ɗaga, aje. Yau duka kawai nika ji. Inna ta hana, ko?"

Hawaye ya ɗiga a kan layin da nake aunawa.

"In kaya ni zame miki, buga guda da ƙarhi, in tashi," ya ce a hankali. "Ba sai kin hwaɗi unguwa ta yi miki dariya ba."

Na dubi biron. Gidanmu cike yake da masu lafiyar kunne, amma ba wanda ya taɓa jin gajiyata sai wannan, ta katako.

Na ajiye biron a cinyata, na cika ƙirjina da iska.

"Yakubu! Ka turo magabatanka ran Juma'a!"

Mai shayi ya juyo. Basma ta leƙo ta koma. Can sai muryar Inna daga tsakar gida:

"Shigo haka nan, marar kunya. Har Bukkuyum an jiya."

Ta daɗe ba ta amsa gaisuwata, sai da Baba ya sa baki. Bayan sallah aka ɗaura aure. Jarrabawar Turanci kam da ƙyar na tsallake.

Ranar jere an gama loda kayan ɗakina, direba ya tada mota, Inna ta fito ta tare shi.

"Dakata. Ku aza bencin ga," ta ce, tana share ido da bakin mayafi. "In kun bar shi nan, da mi za su magana?"